Askin fulawa a Jos: amsa ga taubashina Bakano

Assalamu alaikum, Alhaji. Ya iyali, ya kasuwa? Ka gaida mini Goggo da kyau, ka ce mata buhun dankalinta yana nan tafe.

Saƙonka na murya ya iso, na kunna wa matan gida suka yi ta dariya. Ka ga hoton ƙofar gidana an datse fulawar nan, ros, wato wardi, ta koma guntayen karare, ka ce wai mu Jasawa sanyi ya taɓa mana kai: mutum ya shuka abin da ba a miya da shi, ya yi ta ɗura masa ruwa da taki, ranar da ya yi kyau kuma ya ɗauko almakashi ya sassare shi. Ka kuma tambaya, da sigar wasa amma na san har cikin ranka, ko ba al'adar Nasara muka kwaso ba saboda daɗewa a cikin duwatsu. Zan warware maka, don labari ya zo mini cewa Hajiya ce ta matsa sai an yi mata irinta a sabon gida, kai kuma girman kai ya hana ka ce taubashi ya koya maka.

Daga ƙasar zancen ya taso. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. A watan Afrilu, lokacin da kuke kwana a tsakar gida zafi ya haura digiri 40, mu nan kaɗan yake ɗara 30 da rana, da dare kuma sai an ja mayafi. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 10, alwala sai an ɗora ruwa a wuta. Ruwan sama muna samun kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu har Oktoba. Ita kuwa ros abin da take so ke nan: rana mai haske, dare mai sanyi. Shi ya sa a Afirka inda ka ji ana nomanta don kasuwa, yawanci kan tudu ne. Kenya, da take cika jiragen sama da ita zuwa Turai, da yawa daga gonakinta suna gefen tafkin Naibasha, wajen mita 1,900. Kai da ka je Makka ka san turaren wardi na Ɗa'ifa. To Ɗa'ifa ma gari ne na kan dutse, kuma ruwan wardin da ake haɗawa da Zamzam a wanke Ka'aba daga wannan dangin fulawar yake fitowa. Don haka maganar Nasara ka sassauta ta tun daga nan.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, hanyar da ta shigo gidajenmu ta hannun Turawan kuza ce. Tun farkon shekarun 1900 suka kafa sansani a Naraguta, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, mutanenmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi. Wasu leburanci ya kawo su, wasu fatauci, wasu fawa da ɗinki da malanta, wasu kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu aikin tilas ne ya tattaro su, sanyi ya kashe da dama. Turawan da suka zauna a Rayfield da Bukuru suka ga ƙasar tana karɓar shuke-shuken garinsu, suka kewaye gidajensu da su. Su wa ke riƙe da fartanya da garwar ban-ruwa? Mutanenmu da 'yan ƙasa. Kakanmu, mahaifin Goggo, gadina ne a ɗaya daga cikin gidajen nan kafin ya koma sayar da kayan gwari. Tambaye ta, za ta ba ka labarin yadda yake dawowa da yamma da 'yan rassa a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ya soka su a tsohuwar garwa a bakin rijiya. Kai ma jikan gadina ne, ko ka so ko ka ƙi.

Kuza ta faɗi a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka watse, suka bar ramuka cike da ruwa ko'ina a kan tudun nan. A bakin waɗannan tafkunan da gefen kogin Dilimi noman rani ya yi ƙarfi: kabeji, karas, latas, koren wake, tumatir, duk abin da ake lodawa a Farin Gada a kai Kudu da Abuja. Hannun da ya saba da renon irin latas a kwami ba ya jin tsoron ros. Yaron da ya tashi a nan ya ga ana dasa abu a leda, ana aure wa mangwaro da lemo, ana yanka reshe a binne ya tsiro, tun bai shiga makarantar allo ba.

Sai dai akwai inda muka tsaya. Ba ma kai fulawa maƙabarta, amaryarmu ba ta riƙe damin fulawa a hannu sai 'yan matan zamani wajen ɗaukar hoto, kuma wannan har a Kano kuna fama da shi. Namu shi ne ƙofar gida, gefen katangar masallaci, harabar Islamiyya, sai tsakar gida kusa da wurin alwala don ruwan kada ya tafi a banza. Ba kowa ba ne ma. A Gangare ko Unguwar Rogo, inda gida ke manne da gida, ina filin yake? Can sai dai ka ga tsohon bokitin fenti a kan dakali da 'yar ja guda ɗaya, uwar gida tana korar yara daga kanta. Masu yin shimfiɗa irin tawa su ne waɗanda suka samu 'yar sarari a Rikkos ko hanyar Bauchi.

Ka san tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Wuraren da har yau ake cuɗanya ba tare da an tambayi sunan mutum ba su ne kasuwar gwari da bakin titi wajen masu sayar da dashe. Farar da ke gefen hagu na ƙofata daga hannun wata dattijuwa Birom na samo ta, ni kuma na ba ta mai launin ruwan hoda. Ba mu taɓa shiga gidan juna ba, amma duk shekara sai ta aiko a tambaye ni ko tawa ta yi.

Yanzu ita kanta fulawar. Wadda ka gani ba irin doguwar nan ba ce mai fure ɗaya babba a kan kara, wadda ake yanka a sa a kwalba. Wannan gajeriya ce mai yaɗo, tsayinta iyakar gwiwa, faɗinta ya kai mita ɗaya ko fiye, furanninta ƙanana amma a cure, goma ko ashirin a kan reshe guda. Asalin jinin yaɗon daga wata ros ta daji ce ta ƙasashen Japan da Sin, wadda take kwanciya a ƙasa ta yi saiwa duk inda reshenta ya taɓa. Masu haɗa iri a Turai suka yi ta aiki a kanta da danginta. Akwai tsohuwa mai suna The Fairy da ta fito a Ingila a 1932. Akwai Flower Carpet, wadda wani Bajamushe, Werner Noack, ya fitar a ƙarshen shekarun 1980 bayan dogon zaɓe don neman wadda ba ta kamuwa da ciwon ganye. Akwai kuma Drift, ta gidan Meilland na Faransa, ita ta fi duka gajarta. Idan ka je bakin titi a nan ka ambaci waɗannan sunaye, kallonka kawai za a yi. Ka ce ja, ko fara, ko ruwan hoda, mai tashi ko mai kwanciya, shi ke nan an gane.

Ka faɗa wa Hajiya tun yanzu: yawancinsu ba su da ƙamshin kirki. An sayi juriya da yawan fure, an biya da ƙamshi. Wanda ke son ƙamshi da dare, furen lalle ya fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya sa muke son ta shi ne gidajenmu a kan gangare suke, ruwan marka yana zaizaye ƙasa ya kai ta kwata, ita kuwa idan ta shimfiɗu tana riƙe wurin, ba ta neman a kafa mata sanda, ba ta tare taga.

Masu sayarwa za su ce maka tana kashe ciyawa. Ba ta kashewa. Idan ka dasa ta a inda akwai kiri-kiri ko aya-aya ko tofa, za su huda ta cikinta su fito, kuma a lokacin ba ka da hanyar kai hannu saboda ƙaya. Sai a tone wurin tun farko, zurfin kamu ɗaya, a tsince saiwar ciyawa ɗaya bayan ɗaya, a zuba ruwa a jira mako biyu, abin da ya sake tsirowa a cire, sannan a dasa. Tsakanin gindi da gindi a bar kusan mita ɗaya. Ranar dashe wurin zai yi maka kama da an yi rowa, jan ƙasa ko'ina, amma kafin shekara ta zagayo sun haɗe. Wanda ya cusa su kusa da kusa don ya burge baƙi, a watan Agusta zai gane kurensa, don iska ba za ta ratsa ba. Rana kuma tana buƙatar aƙalla awa 6. Ƙarƙashin mangwaro ba wurinta ba ne.

Sai babbar tambayarka, me ya sa ake sare ta. Wannan irin a kan sabon toho take yin fure. Reshen da ya yi fure bana, baɗi ƙarfinsa ya ragu, sai ya yi ta tsawo yana ba da ɗan fure a can ƙarshe, tsakiya kuma ta zama tarin busassun ƙirare, maɓoyar ɓera da kunama. Idan aka datse, ƙarfin da ke cikin saiwa ba shi da inda za shi sai idanun da ke ƙasa, su fashe gaba ɗaya. Tsakanin mako 6 zuwa 8 bayan aski sai ka ga fure ya rufe ganye. Wannan lissafin matan Jos sun riƙe shi da ka. In an sa ranar biki a gida, uwar amarya takan ƙirga wata biyu baya ta aika a kira mai almakashi, don ranar kamu ƙofar gida ta yi ja wur. Haka ake yi wa Sallah ma, in ta faɗo a lokacin da ya dace.

Lokacin babban aski shi ne inda littattafan Turawa ke ɓatar da mutane. Su a can ros tana barci da hunturu, ganye ya zube, sai su datse a ƙarshen sanyi, Fabrairu ko Maris. Tamu ba ta barci, duk shekara idonta biyu. Saboda haka mu ruwa muke dubawa, ba kalanda ba, kuma gari ya rabu biyu a kan wannan. Mai rijiya ko burtsatse da ba ta ƙafewa yana yin aski a ƙarshen damina, cikin Oktoba. Dalilinsa, marka ta riga ta lalata ganye, gara a share a sake sabo, sabon tohon ya fito cikin busasshiyar iska, fure ya zo a Disamba. Furen sanyi kuwa babu kamarsa: launi ya fi kauri, ya fi daɗewa a kan reshe. Wanda kuma yake sayen ruwa wajen 'yan garuwa ba zai iya shayar da sabon toho wata biyar ba. Shi sai ya bar ta ta yi ta lallaɓawa da ɗan abin da ya samu, ya jira ƙarshen Maris, in hadari ya fara haɗuwa ya datse, ruwan farko ya tashe ta. Ni ina cikin na farko, shi ya sa ka ga hoton nan yanzu. Ina ganin namu ya fi, amma ba na musu da mutumin da rijiyarsa ke ƙafewa tun Janairu. Abin da kowa ya yarda da shi: ba a babban aski a tsakiyar marka, Yuli da Agusta, don bakin yankan ba ya bushewa, ruɓa ta bi ta nan ta gangara. Kuma dashen da bai cika shekara ba ba a taɓa shi, sai dai a cire abin da ya bushe.

Ga yadda ranar take. Kafin komai a ɗauki doguwar sanda a bubbuga cikin shimfiɗar, don ƙarƙashinta akwai sanyi da duhu, maciji yana son wurin. A sa safar hannu mai kauri irin ta masu walda, da riga mai dogon hannu. Ƙayar wannan irin ƙanana ce masu lanƙwasa, ba ta soka ta fita, kama fata take yi ta ja. Sai babban almakashin shinge, mai hannu biyu. Da shi ake bi ta sama da gefe a zubar da kashi biyu cikin uku, a bar tsayin taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kada hannu ya yi rawa. Yaran da nake sa wa aikin kullum tausayi ke hana su, su ɗan tsittsinke sama su ce sun gama, sai na karɓa na nuna musu inda za a kai.

Bayan an janye abin da aka zubar da manjagara, gindin ya fito fili, sai a durƙusa da ƙaramin almakashi. Nan ne aikin ido yake. Reshen da ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a bi shi har tushe a cire. Wanda ya yi baƙi daga sama, a yi ta yanka ana sauka har sai an ga cikin karan fari tas. In da ɗigon ruwan ƙasa a tsakiyarsa, ciwon bai ƙare ba, a ƙara sauka. Biyu da suke gugar juna har fata ta saɓule, a bar mai ƙarfin. 'Yan siraran da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba, a kwashe. Idan gindin ya shekara uku ko huɗu, za ka ga tsofaffin karare masu kauri da suka yi toka-toka, sai a cire ɗaya cikin uku daga ƙasa, baɗi a cire wasu, a haka gindin yake sabunta kansa ba a sani ba. In an yanka mai ciwo, a goge bakin almakashi da sifirit kafin a matsa gindi na gaba. Kuma almakashin ya zama mai kaifi. Dakusasshe murƙushe kara yake yi, murƙusasshen baki kuwa baƙi yake komawa.

Tsofaffin gadina, irin su kakanmu, suna da doka: a yanka a karkace, ɗan sama da idon da ke kallon waje. Ga doguwar ros har yau ina bin wannan. Ga mai yaɗo ɓata lokaci ne, rassa ɗari nawa za ka bi kana neman ido? Su kansu Turawan sun gwada. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar masu ros ta Ingila ta yi gwaji a lambunta na St Albans, wasu aka datse su bisa tsohuwar ƙa'ida, wasu aka bi ta kansu da injin askin shinge kawai, kuma na injin ba su gaza wajen fure ba. Da kakanmu yana raye da bai yarda ba.

Abu na ƙarshe a ranar, wanda mutane ke raina wa: a share duk ganyen da ya zuba, har na ƙarƙashin gindi, a ƙone. Kada a zuba a ramin taki. Ciwon baƙin ɗigo a jikin matattun ganyen nan yake kwana ya jira ruwa.

Tsakanin babban aski da na gaba, sai 'yar gyaran fuska. Duk lokacin da zubin fure ya wuce, a bi ta sama a rage kamar tsawon yatsa, wani zubin ya biyo. Reshen da ya miƙa kan hanya yana kama zanen mata, ko dai a datse shi, ko a mai da shi dukiya. A kankare fatar cikinsa kaɗan, a kwantar da wurin a ƙasa, a rufe da ƙasa a danne da dutse, a bar kan a waje. Cikin wata biyu na damina ya yi saiwa, a yanke shi daga uwar, ka samu sabon gindi kyauta. Yawancin abin da ke yawo a gidajen Jos ta haka ya yaɗu, ko ta yankan reshe. Amfanin wannan shi ne duk abin da ya tsiro daga ƙasa ita ce dai. Amma in ka sayi mai aure, za ka ga ƙulli a gindinta inda aka haɗa. Tohon da ya fito daga ƙasan ƙullin nan na uwar daji ne, yana da ƙarfi, ganyensa daban, in aka bar shi zai cinye ta sama. Shi ba a yanka shi, don ya sake fitowa biyu. A tone har inda ya manne a fizge.

Bayan aski sai ci. Jos garin kaji ne, takin kaji ba ya wuya, amma ɗanyensa ƙuna yake yi. A tara shi ya kwana wata biyu ko uku har warin ya mutu, ko a nemi tsohon kashin shanu. Kwano ɗaya ga kowane gindi, a barbaɗa a kewaye, kada ya taɓa kara. Mai son na zamani ya ƙara ɗan NPK 15-15-15, abin da bai cika tafin hannu ba, ya bi da ruwa nan take. Jar ƙasarmu tana da tsami, shi ya sa 'yan lambu suka daɗe suna zuba toka. Ros ma tana son ɗan kaɗan, sau ɗaya a shekara. In aka yawaita sai ganye ya ɗashe. Sannan a rufe ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa don laima ta zauna, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga kara saboda gara.

Ruwa a gindi ake zubawa, da safe, a ƙoshi sau biyu a mako. Yayyafin kullum saiwa yake ja sama. Ruwan alwala lafiya lau ne. Ruwan wanki mai omo kuwa a kai shi kwata, ko da kuwa an yi rantsuwa cewa na ɗauraya ne.

Baƙin ɗigon da na ambata shi ne babban abokin gabarmu. Ƙwayarsa tana buƙatar ganye ya jiƙe kamar awa 7 kafin ta kama, a Agusta kuwa Jos takan yini ta kwana cikin yayyafi. Ganye ya yi ɗigo baƙi, kewayensa ya yi rawaya, ya zube. Mai yaɗo ta fi sauran juriya, ko ta zubar tana sakewa, don haka ni ba na feshi, tsincewa nake yi. Da hunturu kuma wasu biyu ke zuwa, dukansu suna fakewa da ƙura. Ɗaya farin gari ne a kan sabon toho, ka ɗauka hazo ne, sai ka ga ganyen yana nannaɗewa. Ɗaya kuma wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne a bayan ganye masu saƙa siririyar yana, ganyen ya koma kamar an watsa masa yashi. Maganin na biyun ruwa ne, a juya bakin tiyo sama a wanke bayan ganyen da sassafe, rana ta busar. Darɓa kuwa, masu taruwa a kan toho, ruwan sabulun wanka kaɗan ko jiƙon 'ya'yan darbejiya ya ishe su, a fesa da yamma. Ƙanƙarar farkon damina ba ta da magani. In ta sauka ta yayyaga, washegari a bi a datse abin da ya karye.

Awaki kuma, ƙaya ba ta dame su ba ko kaɗan, sabon toho ma shi ne nasu. Maƙwabcina liman yakan yi mini ta'aziyya da hadisin nan da ya ce duk abin da Musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Na ce masa na karɓa, amma awakinsa sun sa na fi kowa sadaka a layin nan. Ƙauyukan Birom da kerana suke shinge tun kaka da kakanni, wasunmu sun kwaikwaya, sai dai ruwanta fari in ya shiga ido bala'i ne, gidan yara bai dace da ita ba. Waya ta fi.

To, za ta yi a Kano? Za ta rayu, amma ba za ta yi abin da take yi a nan ba, kada Hajiya ta riƙe hotona ta ce gadinanku ya ci amana. A nemi gefen gabas na gini, inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar. Kusa da katangar da rana ke duka da yamma kuwa gasa ta za a yi. A dasa a Nuwamba, don ta kafu kafin bazara. Askinku na ƙarshen damina ne kawai. Wanda ya datse ta a Maris a Kano ya tura ɗanyen toho cikin wutar Afrilu, ganyen da zai yi wa karan inuwa kuma babu. Daga Maris zuwa saukar ruwa furen zai ƙanƙance ya koɗe, wani lokaci ya tsaya cak. Ba ciwo ba ne, kada a ɗura mata taki, ruwa da rufin ƙasa kawai take so, kuma a ƙasarku mai yashi ruwan sai ya kusa zama na kullum. Ka lissafa kuɗinsa kafin ka amsa wa Hajiya. In ni ne kai, gindi huɗu ko biyar zan sa a inda take zama da safe, sauran filin in ba fulawar kariya, wadda ƙasarku ce tata, ba ta neman ruwa, furenta kuma ba ya jin kunyar kowa. A dai kula da yara, ruwan jikinta dafi ne.

Rassa ba za su yi muku saurin kamawa ba, don haka masu saiwa zan aiko, daga waɗanda na danne da dutse a Yuli: ja biyu, fara biyu, ruwan hoda ɗaya, kowace a ledarta, cikin kwali. Zan ba direba a tashar hanyar Bauchi da asuba, ta Saminaka zai bi, kafin la'asar ya shigo. Ka tura yaro ya jira, kada kwalin ya yini a bayan mota. In sun iso a ajiye su a inuwa mako guda ana ba su ruwa, sannan a dasa da yamma, a yaga ledar ba tare da an fasa ƙasar ba. Furen da suka zo da shi a tsinke shi duka ranar dashe, ko Hajiya za ta yi faɗa, don saiwa ake so tukuna. Kuɗin mota kuma kai za ka biya, a cire daga kuɗin sharar da ke tsakaninmu.